Fitilar da Maigida Ya Ƙara wa Babur: Zare Makulli Ki Gani

Na san wata za ta ga kanun yau ta ce ina ruwan mace da wayar babur, ai wannan zancen maza ne da makanikai. Ki ɗan yi haƙuri ki karanta, domin babur ɗin da ke kwana a soronki shi ne motar asibitin gidanki.

A ƙasar Doguwa, daga Riruwai zuwa Zainabi, daga Ragada zuwa Dariya, idan naƙuda ta taso da tsakar dare ko zazzaɓi ya sa yaro jijjiga, babur ake fara nema. Ga hanyoyin namu da duwatsu da kwazazzabai, da damina kuma ga rafuka. Babban titin da ya taso daga Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore shi ma duhu ne ƙirin da dare, ga ramuka, ga shanu na tsallakawa. Fitilar da ƙananan babura irin su Boxer da Jincheng suke zuwa da ita ba ta haska nesa, kuma a yawancinsu idan aka rage wuta sai haskenta ya dushe, saboda daga inji take shan wuta kai tsaye. Shi ya sa mazajenmu da samarinmu suke ƙara fararen fitilun nan na LED. Ƙarin haske abu ne mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake haɗa wayar.

Gwajin minti ɗaya

Yau da magariba ki roƙi maigida ko yaronki ya kunna fitilar da aka ƙara, sannan ya kashe babur ya zare makulli. Idan fitilar ta mutu tare da makullin, madalla. Idan kuwa ta ci gaba da ci, to daga batir aka jawo ta kai tsaye, kuma wannan haɗin yana da illa biyu.

Ta farko, shanye batir. Lissafin mai sauƙi ne. Batirin babur bolt 12 ne. Fitilu biyu masu wat 18 kowacce sun tashi wat 36, idan kika raba da 12 za ki samu amfiya 3. Ƙaramin batir da aka rubuta 5Ah a jikinsa ba zai kai awa biyu yana ɗauke da wannan nauyin ba. Ke kin fi kowa sanin yara da danne-danne. Yaro ya taɓa makunni da la'asar, rana tana waje ba wanda ya lura, kafin isha'i batir ya mutu. Ƙarfe biyun dare a zo fita da mai naƙuda, sitata ta ƙi tashi, ko an samu ya tashi da kik a tarar oda da sigina sun shaƙe, fitilar da aka dogara da ita kuma sai lumshe ido take yi.

Ta biyu ta fi muni, ita ce gobara. Wayar da aka jawo kai tsaye daga batir tana ɗauke da wuta dare da rana, kuma ta ƙarƙashin tankin mai take bi. Jijjigar hanya tana goga ta a jikin ƙarfe har robarta ta cinye. Ranar da zallar waya ta taɓa ƙarfen babur, cikin daƙiƙoƙi za ta yi ja ta narke. Sai ki tuna inda babur ɗin yake kwana: soro ko tsakar gida, kusa da jarkar fetur, kusa da buhunan masara, wani lokaci kusa da tabarmar da samarin gida ke kwanciya.

Abu huɗu da za a tambayi mai gyara

Ba sai kin iya wayarin ba. Ki riƙe waɗannan huɗun, ki sa maigida ya tambaye su kafin ya biya kuɗin aiki.

Na ɗaya, umarnin kunnawa ya fito ta bayan makulli. A kowane babur akwai wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, irin wadda ke ba oda da sigina wuta. Daga nan ya kamata fitilar ta karɓi izini. Kada a jona ta da wayar babbar fitila idan wannan wayar daga inji take zuwa, domin wutar inji hawa da sauka take yi, tana sa fitilar LED ƙyafte-ƙyafte, tana kuma kashe ta da wuri.

Na biyu, a sa rile. Wani ɗan baƙin akwati ne kamar kwalin ashana, mai ƙafa huɗu ko biyar, za ki ga lambobi 30, 85, 86 da 87 a gindinsa. Aikinsa kamar na mai gadin ƙofa ne. Wayar makulli siririya ce, kuma tuni tana ɗauke da kayanta. Idan aka ɗora mata nauyin sabbin fitilu tana iya zafi, ko babban fiyus na babur ya ƙone, duk abin da ke kansa ya ɗauke lokaci guda ana tsakiyar daji. Da rile, wayar makulli saƙo kawai take aikawa, shi kuma ya buɗe wa wutar batir hanya ta waya mai kauri. An zare makulli, ƙofa ta rufe.

Na uku, a sa wa fitilar fiyus nata na kanta, dab da kan batir. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya tsinke idan wuta ta yi yawa, kafin waya ta kama. Ga fitilu masu shan amfiya 3, fiyus mai lamba 5 ya isa. Idan ya ƙone, akwai dalili, a nemo dalilin. Masu naɗa waya ko takardar ƙarfe ta kwalin sigari a gurbinsa sun cire mai gadi ne sun bar ƙofa a buɗe.

Na huɗu, makunni na daban a kan hannun babur, inda babban yatsa zai kai ba tare da an saki hannu ba. Sannan a duba aikin da ido: an ɗaure wayoyi, ba sa reto, sun yi nesa da salansa da kan inji, kuma duk mahaɗa an naɗe ta da tef na wuta. Leda da ƙyalle ba su da gurbi a nan. Kuɗin fiyus da rile bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da jinyar ƙuna, wadda ke cin makonni ana wanki da sauya bandeji.

Idon mai tahowa

Fitilar da aka haɗa daidai ma tana iya jawo haɗari idan ta kalli sama. Farin haske mai ƙarfi idan ya daki ido, mutum kan yi 'yan daƙiƙoƙi bai ga komai ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direban da maigida ya kashe wa ido, a kan maigidan zai iya ƙarewa, da ke da goyonki a baya.

Saita ta ba wuya. A tsayar da babur kamar taku goma daga bango, mutum yana zaune a kai, a kunna. Bakin hasken na sama ya sauka ƙasa da tsayin fitilar kanta. Idan an hango mota ko wani babur ko an shigo gari, a kashe ta. Lokacin hazo kuma, hasken da ya kalli sama ƙura ce ke dawo da shi cikin idon mai tuƙi. Kada a manta da jar fitilar baya, ita ce ke nuna wa babbar motar da ke biye cewa akwai rai a gabanta.

Wani abin kuma, haske mai yawa yana sa matashi ƙara wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Tun watan Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta fara tilasta sanya hular kwano ga mai tuƙi da wanda aka goya. Fitila ba ta tare kai idan an faɗi.

Idan tsautsayi ya gitta

Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, yaɗa ta yake yi. Ƙasa ko yashi ake zuba mata, bayan an fitar da yara. Wanda ya ƙone kuwa, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai. Mu a asibiti sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, kuma kankarewar azaba ce. Ƙunar yaro ƙarami, ko ta fuska, ko hannu, ko al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, a tafi asibiti a lokacin.

Ki samu lokacin da maigida ya ci ya huta, ki ce, "Baban yara, don Allah zare makullin nan mu ga ko fitilar za ta mutu." Idan ta mutu, ku yi hamdala. Idan ba ta mutu ba, gobe kafin ya wuce gona ko kasuwa ya fara biyawa ta wajen mai gyara.

Allah ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu a kan hanya, ya sauki masu ciki lafiya.