Guzurin Ɗan Ci-rani

'Yan'uwana mata, musamman ku iyaye Kirista na ƙauyukan Bichi da Dambatta, kun san yadda kaka take. Da an girbe gero da dawa an zuba a rumbu, sai samarinmu su ɗaure kaya su nufi Kano ko Legas ci-rani, domin rabon gado ya tsattsaga gonaki, ba sa ci da gida har wata damina.

To, wane guzuri za ki ba naki? Ƙuli-ƙuli kwana nawa zai yi masa? A birni babu mai tashinsa zuwa sujada ran Lahadi, babu mai tambayarsa inda ya kwana. Abin da kika zuba masa a zuciya tun yana ƙarami, shi zai tsare shi.

Kada ki ce wannan aikin fasto ne. Sau ɗaya fasto ke ganin yaro a mako, ke kuwa kullum kuna tare. Timoti ma wurin uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis ya gaji bangaskiya. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa. In ba ki iya karatu ba, sa ɗan makaranta ya karanta bayan tuwon dare, ke ki ja addu'a. Ki kuma roƙi 'yan Zumuntar Mata su koya miki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kai su lafiya, ya komo mana da su lafiya, amin.