Zare: Taimakon da ya ƙona wa Yaya ƙwaƙwalwar mota

1/ Jama'a ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancinmu da ke tuƙi, sitiyari kawai muka iya. Mota na mutuwa a hanya sai mu koma 'yan kallo, mu bar wanda ya fi kowa ɗaga murya ya yi mata abin da ya ga dama. Na taɓa zama ɗan kallon, kuma ban ji da daɗi ba.

2/ Kwanaki na ari Corolla ɗin Yayana na je ɗaurin auren abokinmu. Na manta fitila a kunne. Da aka watse na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas. Batir ya sauka.

3/ Kafin ka ce kwabo an taru. Wani bawan Allah ya ciro batir ɗin motarsa, ya cire namu, ya ɗaura nasa, mota ta tashi. Sai ya ce, "Ƙanena kar ka kashe." Inji na aiki ya zare nasa zai mayar da namu. Tartsatsi ya tashi, mota ta mutu, ba ta sake tashi ba. Janta aka yi zuwa gareji.

4/ Bakanike ya ce ƙwaƙwalwar motar ta ƙone. Yaya bai yi faɗa ba, shiru kawai ya yi, wanda wallahi gara faɗan.

5/ Ban ga laifin mutumin ba, don Allah ya yi. Laifina ne da na tsaya ina gyaɗa kai ban san me ake yi ba. Batir ba tada mota kaɗai yake yi ba, shi ke shanye hawa da saukar wutar da oltaneta ke bayarwa. Ka cire shi inji na aiki, wutar na iya yin tsalle ta faɗa kan kayan lantarkin motar.

6/ Na san wani zai ce, "Ai shekara da shekaru haka ake yi." Gaskiya ne. Amma Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna kafireto gare ta, ba ta da kwamfutar da za ta ƙone. Dabarar ta tsufa, mu ne ba mu lura ba. Kuma idan wani ya yi sau goma ya tsira, sa'a ya ci.

7/ Hanyar da ta dace ita ce wayar jona batir, mai kauri, ja da baƙa. Ba wayar wutar gida da aka fere da haƙori ba. A matso da motocin amma kar su taɓa juna, a kashe duka biyun, a ja birkin hannu.

8/ Ja ta fara hawa kan + na mataccen batir, ɗaya bakin kan + na mai rai. Baƙa ta hau − na mai rai. Bakin ƙarshe, nan ake kuskure: ba kan − na mataccen ake sa shi ba. Nemi ƙarfe marar fenti a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, ka maƙala a nan.

9/ Dalili? Haɗin ƙarshe shi ke yin tartsatsi, batir kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, ga ruwan asid a cikinsa. Fuskarka ce a saman wurin. Don haka mai sigari ya ja baya. Batir da ya kumbura, ya tsage ko yake yoyo, kar ma a fara.

10/ Tada mai rai, ba ta 'yan mintuna, sannan ka gwada taka. Ta tashi, ka cire wayoyin daga na ƙarshe zuwa na farko, kar bakunan su haɗu. Duba alamar + da − da idonka, kar ka yarda da launi kawai. Kuma ƙananan motoci bolt 12 ne, manyan motoci da yawa 24. Direban tirela ya yi maka tayi, ka gode masa kawai.

11/ Masu cewa a tura: motar otomatik ba ta tashi da turi. Gumi kawai za ku yi.

12/ Tunda mun zo giya. Kowa ya san gejin baƙin mai, amma mutum nawa ne suka taɓa zaro na man giya? Ni sai bayan wannan abin na san inda yake. Giyabos ba ya kuka da wuri. Ranar da ka ji tana fizga ko tana jinkirin shiga giya, sau da yawa ɓarna ta riga ta fara.

13/ A yawancin otomatik masu geji, irin tsofaffin Corolla da Camry, sai mota ta yi zafi, tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, giya a P, inji na aiki. Zaro, goge, mayar, sake zarowa. Honda kuwa daban take: ana kashe inji ne a duba nan take. Shi ya sa littafin motar ya fi "haka na saba".

14/ Mai lafiyayye ja ne garau. Ya yi baƙi yana warin ƙuna, je gareji. Ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da ke faruwa idan ana kutsawa ambaliya da damina. Cikawa fiye da layi ma matsala ce, kumfa yake yi.

15/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne "man giya ai man giya ne". A'a. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyar CVT nata daban. Karanta abin da aka rubuta a gejin ko littafin kafin a ɗura maka na cikin jarkar da ba suna.

16/ Masu manuwal, har da masu Hilux manuwal, ku babu geji. Noti ne a gefen giyabos da aksul, mai ya kamata ya kai bakin ramin. Wannan sai an shiga ƙarƙashi, don haka ce wa bakanike ya buɗe kana tsaye.

17/ 'Yan mata har da ku fa. Babu abin da na faɗa da ke buƙatar ƙarfin damtse.

18/ Na haɗa kuɗi na saya wa Yaya wayar, tana but yanzu. Har yau dai bai sake ba ni makulli ba.