Kyanwar da ke gadin rumbu ma tana kamuwa da shawara

A Kutama, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo, tunkiya na ƙin kiwo za a nemo malamin dabbobi. Kyanwa kuwa, wadda ta hana ɓera sakat a rumbun dawa tun daga kaka har bazara, sai ta rame ta lafe bayan randa, a ce guba ta ci, a bar ta. Wannan sakaci ne, domin sau da yawa ciwon sananne ne kuma yana jin magani.

Matsarmama tana maƙale jikin hanta, tana tura ruwanta mai ɗaci zuwa hanji ta wata siririyar hanya. Ƙwayoyin cuta kan hauro daga hanji su kumbura hanyar nan, wani lokaci ta toshe. Sai kyanwa ta ƙi abinci, ta riƙa amai, jiki ya yi zafi. In aka ɗaga leɓenta ko aka leƙa cikin kunne, a ga fatar ta koma ruwan ɗorawa. Shawara ke nan.

Akwai kuma sanadin da ya fi shafar ƙauye: wata tsutsar hanta mai suna Platynosomum, wadda ke bi ta jikin dodon koɗi ta ƙare a cikin ƙadangare da tsaka. Kyanwa na cinye su tsutsar ta tare a hanyoyin matsarmama. Tun 1971 likitocin dabbobi suka ba da rahoton samunta a kyanwoyin Nijeriya, kuma maganin praziquantel yana kashe ta. To wace kyanwa ce a Kutama ba ta farautar ƙadangare a kan katanga, tunda ragowar tuwo kaɗai ake zuba mata?

Mafi muni shi ne taimakon jahilci. Wani don tausayi zai ɓare farasitamol ya ɗura mata, alhali hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi. Ƙwaya ɗaya na iya hallaka ta. Zama kwanaki babu ci ma yana tara kitse a hantarta, ciwo ya ninka.

Ba sai an kai kowace mage asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba. Amma ma'aikatan gwamnatin Kano da ke zagayen rigakafin shanu da awaki ya kamata su riƙe maganin tsutsa na kyanwa a jaka, su kuma nuna wa matan gida yadda ake duba dasashi da ido.