Ɗan hakin da ka raina: makunnin da ke bayan fedar kuloci

Shekaru da dama, kafin a rufe iyaka a 2023, ta gadar Malanbil zuwa Gaya ne akasarin motocin hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa Nijar. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani abu da tsohuwar Peugeot 504 ba ta da shi: ɗan makunni a bayan fedar kuloci, wato ambirayaj, wanda ke hana injin tashi sai direba ya taka fedar har ƙasa.

Idan makunnin nan ya lalace, alamarsa tana da ruɗarwa. Mai mota zai murɗa makulli, fitilun gabansa su kama, oda ta yi ƙara, amma injin ya yi tsit. Nan take sai zargi ya faɗa kan batir ko dimarer. Ɗan kasuwa ya yi asarar cinikin ranar, ma'aikaci kuma ya zuba rabin albashinsa wajen sayen kayan da lafiyarsu lau.

Mai gyaran wuta da ya san aikinsa yana farawa daga mai sauƙi. Da farko ya auna batir: mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12,6 idan injin na kashe. Sannan ya duba fis da rilen dimarer. Daga nan ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Sau da yawa tabarmar ƙafa ce ta naɗe ta tokare fedar, ko kuma ɗan robar da ke danna makunnin ya farfashe saboda zafi. Gaya kuwa tana cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a ƙasar. Laimar damina da ƙurar hunturu suna haɗuwa su sa bakin wayoyi ya yi tsatsa.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a cire soket, a ɗora ma'aunin wuta a kan ƙafafun makunnin biyu. A makunnin da ke ba dimarer hanya, wuta tana wucewa idan an taka fedar, ta yanke idan an saki. In ma'aunin bai motsa ba, an gano ɓarawon.

A nan ne haɗari yake. Wasu masu gyara sukan haɗa wayoyin biyu kai tsaye, su sallami mai mota. Don gwaji, hakan ba laifi, muddin giya tana firi kuma an ja birkin hannu. Amma barinsa a haka ganganci ne: ranar da aka manta mota a giya, da an murɗa makulli za ta zabura, ko da yaro ne a gabanta, ko mai talla a tasha.

Saboda haka wajibi ne mai mota ya tambayi abin da aka yi wa motarsa, ya nemi a nuna masa tsohon makunnin da aka cire. Kuɗin sabo bai kai na batir ba, balle diyyar rai.