Mun Cike Kududdufai, Muna Zargin Damina

Duk shekara in ruwan Agusta ya shiga ɗakuna a Kano, sai mu daki ƙirji mu ce ƙaddara ce. Haba jama'a, mu ji tsoron Allah! Ruwan nan yana bin hanyar da ya saba bi tun kaka da kakanni, mu ne muka je muka kafa tubali a kanta. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Magabata ba su shiga aji sun karanta tsara birni ba, amma ramin da suka haƙi ƙasar gini a ciki shi suka bari ya zama kududdufi. Ya shanye ruwan unguwa, ragowar ta gangara kogin Jakara. Yau ina kududdufan? Da zuba shara ake farawa, sai tifa ta kawo ƙasa da daddare, a wayi gari dillali yana auna fuloti. Badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu ma ba ta tsira ba, an yanyanka ta kamar naman layya. A Agustan 2022 ruwa ya mamaye Kantin Kwari, atamfa da shadda na maƙudan kuɗi suka jiƙe sharkaf, a kasuwar da aka cusa shaguna har kan hanyar ruwa. Aka yi jaje, aka koma ciniki.

Gwamnati na da laifinta, ita ke sa hannu a takarda. Amma lungunmu ba gwamnati ta cinye shi ba. Wannan ya turo dakali, wancan ya haƙa masai a waje, na gaba ya fasa katanga ya fitar da shago, ya ɗora bene a kan kwata. Na ce wa maƙwabcina, "Alhaji, ka fa ci hanya." Ya ce, "Malam, taku biyu ne kacal." To, gida ashirin kowa ya ci taku biyu, me ya rage?

Lungun da a da akori-kura ke shiga ta sauke itace, yanzu adaidaita sahu ma a bakin titi yake tsayawa. Mai naƙuda sai an rirriƙe ta har can. Ranar da wani dattijo ya rasu a ƙarshen layin, sai da aka karkata makara kafin ta wuce kusurwar shagon Alhaji, shi kansa yana cikin masu ɗauka.