Iya Ruwa Fidda Kai: Amsa ga Ɗalibinmu na Alƙahira

A cikin wasiƙun da suka taru mini a wannan watan akwai ta wani ɗalibi da ke karatu a Alƙahira. Ya ce hutu biyu ke nan yana zuwa Dahab, wani ƙaramin gari a gaɓar Sina'i, inda ya koyi nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya har ya samu takardar shaidar sauka mita 30. Yanzu abokansa suna zuga shi ya shiga abin da ake kira nutson fasaha, ya wuce iyakar mita 40 da aka gindaya wa masu nutson nishaɗi. Tambayarsa ɗaya ce: mita goma ko ashirin da zai ƙara, me suke da shi da har ake tsorata mutane?

Ɗana, tambayarka tana da amsa, kuma amsar ba a zurfin take ba. A hanyar dawowa take.

Mai nutson nishaɗi, duk inda yake, ƙofar gida a buɗe take a samansa. Idan wani abu ya lalace, sai ya haura a hankali har ya fito. Dukan ƙa'idojin da aka koya maka an gina su ne don kada wannan ƙofa ta rufe. Kowace mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda, saboda haka a mita 30 ya ninka huɗu. Iskar da kake shaƙa kuwa kusan kashi 79 cikin ɗari naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa ta shige jini da tsoka. Shi ya sa aka ce maka kada ka wuce kimanin minti 20 a mita 30, a mita 40 kuwa ko minti 10 ba za ka cika ba. Da zarar ka haura wannan lokaci, sai wani rufi da ido ba ya gani ya tokare samanka. Kana hangen hasken rana, amma ba ka da ikon zuwa gare shi sai ka tsaya zango-zango jikinka ya amayar da abin da ya sha. In ka yi gaggawa, naitirojin ɗin zai yi kumfa a cikin jini kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Ƙarshensa ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Tun 1908 masanin nan ɗan Sikotlan, John Scott Haldane, ya tsara jadawalin waɗannan zanguna, kuma kwamfutar da ke ɗaure a hannunka jikanyar wannan jadawali ce.

'Yan Najeriya ma mun taɓa ganin wannan rufi da idonmu. A watan Mayun 2013 jirgin ruwa mai suna Jascon 4 ya kife a tekun Neja Delta, kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani ɗan lungu mai iska, mita 30 ƙarƙashin ruwa. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su fito da shi kai tsaye ba. Sai da ya ƙara kwana biyu da ɗoriya a ɗakin rage matsi kafin ya ga sararin sama. Da sun yi masa gaggawar tausayi, da sun kashe shi.

To, mai nutson fasaha shi ne wanda ya shiga ƙarƙashin wannan rufi da gangan. Duk matsalar da ta same shi, a can ƙasa zai warware ta. Daga nan ne sauran abubuwa suka samo asali: tukwane biyu a baya maimakon ɗaya, na'urar shaƙa biyu, fitila da ta ko-ta-kwana, da lissafin iska tun a tudu. Masu shiga kogo suna raba iskarsu gida uku, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ranar tsautsayi.

Tunda Dahab kake zuwa, na san abin da abokanka suke nuna maka. Ramin nan ne da ake kira Blue Hole, mai wata ƙofa kamar bakan gizo a wajen mita 55, wadda ke ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku ta wani rami mai tsawon kusan mita 26. Kafin ka shiga ruwan, ka tsaya ka karanta allunan sunaye da ke manne a jikin dutsen gaɓar. Da yawa daga cikin masu sunayen ba baƙin ruwa ba ne. Sun iya nutso, sai dai sun tafi da tukunya ɗaya da iskar yau da kullum.

Yi lissafin da kanka. Tukunya mai lita 12 da aka cika tana ɗauke da iska kimanin lita 2,400. Mai shaƙar lita 20 a minti zai yi awa biyu da ita a tudu. A mita 55 matsi ya ninka shida da rabi, awa biyun nan sun koma minti 18, ba a cire na sauka ba, balle na zangunan dawowa. Wannan ma idan hankali a kwance yake. Ga kuma maye: daga wajen mita 30 naitirojin yana fara juya kai kamar abin sha, kuma mugun halinsa shi ne yana sa mutum ya ji daɗi, ya ga komai lafiya lau. Mai neman ƙofar sai ya wuce ta bai sani ba, ya ci gaba da gangarawa. Ita kanta oksijin da muke rayuwa da ita, daga wajen mita 56 ta kai iyakar da masana suka yarda da ita, in aka zarce tana iya jawo farfaɗiya, kuma mai farfaɗiya a cikin ruwa ba ya riƙe abin shaƙa a baki. Maganin da aka samo shi ne a rage naitirojin da oksijin, a cike gurbin da hiliyam. Hiliyam kuwa tsada gare ta, ga ta da nata sharuɗɗan. A hanyar dawowa mutum yana sauya tukwane, kuma zallar oksijin ba a shaƙarta sai a mita 6. Ka ɗauki tukunyar da ba ita ba a zurfin da ba nata ba, shi ke nan.

Ba ina cewa haramun ba ne. Masu wannan fanni su ne suka gano yara 12 da kocinsu a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018, suka fito da su duka da rai, ko da yake an rasa tsohon sojan ruwa Saman Kunan a wajen aikin. A nan Dahab ɗin ma, a Satumban 2014, Bamisire Ahmed Gabr ya sauka mita 332 da 'yan kai, kundin Guinness ya rubuta masa. Saukar ba ta kai rubu'in awa ba, hawan ya ci fiye da awa 13. Ƙwarewa ma ba ta zama lamuni: Dave Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostireliya, ya rasu a Janairun 2005 a mita 270 cikin kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu, yana ƙoƙarin ɗauko gawar wani matashi, bayan igiya ta harɗe shi.

Ra'ayina shi ne lokacinka bai yi ba, kuma dalilin da ka kawo, zugar abokai, shi ne mafi raunin dalilai. Ka tara nutso masu yawa a ruwa marar zurfi tukuna. Ka iya tsayawa cak a mita 5 na tsawon mintuna ba ka hau ba ba ka sauka ba, ka iya cire tabaran fuska ka mayar ba tare da zuciyarka ta buga ba. Ka yi kwas na ceton abokin nutso, ka koyi amfani da iska mai ƙarin oksijin. Idan ka zo zaɓen malami, ka tambaye shi ɗalibai nawa ya taɓa kayarwa. Wanda bai taɓa kayar da kowa ba, takarda yake sayarwa. Ka kuma tambayi inda ɗakin rage matsi mafi kusa yake, da wanda zai biya kuɗinsa.

Wani abu kuma da wasiƙarka ba ta ambata ba: iyayenka sun san kana nutso? Karatu suka tura ka. Ka faɗa musu kafin hutu mai zuwa, sannan ka sake rubuto mini abin da suka ce.