Ƙamshin miya bai taɓa kai kowa asibiti ba

Wannan makon na ajiye zancen canjin sidi da sefa, domin akwai wani laifi nawa da nake so in tona da bakina kafin Hajiya ta riga ni.

Bara aka auna ni aka ce jinina ya hau. Likita bai tsawaita ba: rage gishiri, rage mai da dunƙulen magi, yawaita ganye, ga magani kullum. Magana mai sauƙi. Amma kun san halinmu, abin da likita ya faɗa cikin minti biyar ba ya shiga kunne kamar abin da wani mai farar riga ya faɗa a bidiyon waya. Wani abokin ciniki ya turo mini irin wannan, mutumin yana ta rantsuwa cewa wuta ce ke kashe albarkar abinci, duk wanda ya koma cin ɗanye zalla ya rabu da ciwo. Ni kuwa da shekara hamsin da 'yan kai, na hau na zauna. Safe gwanda da ayaba, rana kabeji da karas da kokwamba, dare dabino da aya da kwakwa. Tuwo, waakye, koko da ƙosai, duk na yi musu sallama.

Abin da mai bidiyon bai faɗa ba shi ne yadda hanci ke buɗewa idan ciki ya daɗe bai ga ɗumi ba. Mu a unguwarmu nan Kumasi gidan haya muke, ciki da falo, ƙofa goma sha biyu suna kallon tsakar gida ɗaya. Kowace mace da kurfotinta a baranda. Da la'asar ta yi, wannan na soya manja da albasa, waccan ta jefa daddawa a miyar ayoyo, ta can ƙarshe tana haɗa shito, barkono na tashi har sai yara sun yi atishawa. Shekara ashirin ina cikin wannan ban taɓa lura ba. Da na yi sati biyu a kan kabeji, wallahi ina iya gaya maka wace tukunya ce aka sa wa kifi banda tun daga bakin titi.

Sai na fara faɗa. Ba zan iya hana matan maƙwabta ba, don haka na sauke a kan tawa. Na ce ƙamshin girkinta yana shiga ɗaki, yana sa ni tashin zuciya, yana lalata mini iska. Na ƙara da hujjar kasuwa, wadda ita kam gaskiya ce: atamfa da shadda da nake ajiyewa a falo suna shan warin hayaƙi, kuma mace mai saye takan kai yadi hanci kafin ta tambayi kuɗi. Amma tsakanina da Allah, ba atamfa ce ta dame ni ba. Yunwa ce da kwaɗayi suka sa rigar kula da lafiya.

Hajiya ba ta yi musu ba. Ta ce, "To Alhaji, yadda ka ce." Akwai wani ɗan sito a bayan ɗakinmu, babu taga sai wata 'yar kafa a sama da muka toshe da kwali saboda ɓera. Can ta mayar da kurfoti. Tana shiga sai ta ja ƙofa, don kada ƙamshi ya iso ni. Ni kuma na ji daɗi, har ina yaba mata.

Aka shiga watan Yuni, ruwa ba dare ba rana. Ta fara kukan ciwon kai da yamma. Muka ce gajiya ce. Sai jiri, sai kasala. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sayo magani a kemis, ba sauƙi. Ran wata Talata jikarmu 'yar shekara huɗu, wadda ba ta rabuwa da zanen kakarta, ta fito daga siton nan tana layi, ta yi amai, ta kwanta a ƙasa. Hajiya ta yunƙura za ta ɗauke ta, ita ma ƙafa ta ƙi. Maƙwabciyarmu ce ta yi ihu.

A asibiti aka ɗibi jini, babu zazzaɓi. Wata nas mai shekaru ta dube mu ta yi tambaya ɗaya: "A ina ake girki a gidanku?" Da Hajiya ta ba ta amsa, sai ta juyo gare ni. Ban manta kallon ba.

Ga abin da ta fahimtar da ni, na kuma bincika daga baya. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200, sai jiki ya shiga yunwar iska alhali mutum yana numfashi. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, wato daidai abin da kowannenmu zai kira maleriya. Yara da masu juna biyu su ta fi saurin kayarwa. Wanda ta samu yana barci kuwa, sau da yawa ba ya farkawa. Kuma gawayin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda muke cewa ya "nuna", bai daina fitar da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga girki da itace da gawayi da kananzir, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Kun ga inda na yi wauta. Abin da hancina ke ji, daddawa da albasa da kifi, shi na yaƙa. Abin da hanci ba ya ji, na kulle matata da jikata da shi a ɗaki. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Na san da yawanmu a Zango haka muke zaune, ko a Accra ne ko Duwala ko Njamena: ɗaki ƙarami, kaya jibge, mai gida ya hana a fasa bango. Idan ruwa ya sauko ko sanyin hunturu ya matsa, a jawo kurfoti ciki, wasu har su bar shi ya kwana don ɗumi. Kada a yi. Janareta a lungu kusa da taga ma gubar ɗaya ce. Mai girki da gas ya fi mai gawayi samun iska mai tsabta, amma shi ma suyar mai tana tada ƙananan ɓurɓushi da ke shiga huhu, sai a buɗe ƙofa da taga. Turaren wuta da muke kunnawa don korar warin girki hayaƙi ne a kan hayaƙi. In ciwon kai yana zuwa lokacin girki, yana tafiya idan an fita waje, kuma ya kama mutum fiye da ɗaya a gida, a fitar da kowa sarari a nufi asibiti, a kuma faɗa musu inda ake girki.

Batun cin ɗanye kuwa, ban ce a bar ganye da 'ya'yan itace ba, sun yi mini amfani. Amma wuta ba abokiyar gaba ba ce. Ɗanyen wake yana ɓata ciki, rogo mai ɗaci yana da guba sai an jiƙa an sarrafa, ganyen kontomire in ba a dafa ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro kamar an haɗiye ƙaya, madarar da ba a tafasa ba tana ɗauke da cuta. Latas da kabejin ma sai an wanke da ruwa mai tsabta. Na koma wurin likitana na faɗa masa duk abin da na yi. Ya yi dariya, ya ce shi gishiri ya ce in rage.

Yanzu kurfoti ya dawo baranda. Na sa kafinta ya ƙara rufin kwano biyu don ruwa, na cire kwalin nan na sa raga, atamfofi kuma na naɗe su cikin leda na mayar shago. Jikata ta warware, ta koma makarantar allo. Daren da aka sallamo su, Hajiya ta tuƙa tuwo da miyar kuka, gishiri kaɗan, ta ajiye mini a gaba. Na kai loma ta uku ta ce, "Alhaji, in rufe ƙofa ne, ko ƙamshin bai dame ka ba?"